Kicin Ɗin Da Hannun Manaja Bai Sani Ba

Daga:
Tsohon akawu, mai haya a gida na 14,
Hawa na uku, Bene na B,
Rukunin Gidajen Tsofaffin Ma'aikata.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Sashen Gyare-gyare da Kula da Gine-gine,
Hukumar Gidajen Haya.

Ta hannun: Jami'in Kula da Rukuni.

Kwanan wata: 17 ga Yuni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN GYARAN ƊAKIN GIRKI DA AKA YI A GIDA NA 14, DA ROƘON A MAYAR DA SHI YADDA MAI SHI TA SAN SHI

Bayan gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan aikin da Hukuma ta yi a ɗakin girkin gidan da nake haya, ƙarƙashin abin da aka kira Shirin Inganta Ɗakunan Girki. Tun farko ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna. Ba raini ne ya sa layukan suka karkace ba, hannuna ne yake rawa, kuma likita ya ce ba zai daina ba. Aikin akawu na yi har na yi ritaya, na san yadda takardar da za ta je gaban babba ya kamata ta kasance, amma abin da hannu ya bar mini ke nan.

A gaskiya ba ni ne mai kicin ɗin ba, ni sunana ne kawai a takardar haya. Na maiɗakina ne. A gida Manaja muke ce mata tun yara suna ƙanana, domin ko cokali mutum ya ɗauka sai ya yi bayani. Ba ta gani. Hawan jinin ido ne ya cinye mata gani a hankali, yau fiye da shekara goma. Abin da nake roƙon Mai Girma Darakta ya riƙe tun daga nan shi ne, har zuwa watan Maris na bana matar nan ita take dafa duk abin da muke ci, ita take wanke-wankenta, kuma ba ta taɓa ƙonewa ba. Yau ko ruwan shayi ba ta iya ɗorawa. 'Yarmu ta fari, wadda take aikin nas a wani gari mai nisa, ta ce ranar 30 ga wannan wata za ta zo da mota ta tafi da ita. Dalilin rubutowata ke nan.

1. Yadda kicin ɗin yake kafin gyara

Dole in faro daga nan, domin a ofishinku na ji ana kiran tsohon kicin ɗinmu tarkace. Ban musa ba, ga mai ido tarkace ne. Bango ya sha hayaƙi, sumintin ƙasa ya tsage, gwangwanayen ajiya babu biyu da suka yi kama da juna. To amma, ranka ya daɗe, kowane muni a ɗakin nan da aikin da yake yi.

Ranar da likita ya gaya mana ganin ba zai dawo ba, ni na zauna na rafka tagumi, ita kuwa kicin ta shiga. Da ɗan sauran hasken da ya rage mata ta shirya ɗakin, ta yanka wa kowane kaya mazauni. Ta sa wani kafinta maƙwabcinmu, Allah ya jiƙansa, ya kafa mata doguwar kanta ta katako ɗaya daidai ƙirjinta, daga ƙofa har taga. Da wuƙarta ta bi bakin katakon tana yi masa tsaga: tsaga ɗaya gishiri, biyu sukari, mai faɗi ganyen shayi, mai zurfi barkono, haka har ƙarshe. Gwangwanin gishiri an manna masa maɓallin riga a murfi, na sukari an ɗaura masa zare. Garin sabulu kuwa an kore shi can ƙasa bayan ƙofa, cikin kwalba mai dogon wuya, don kada a yi kuskure ko da wasa. Tsagewar da ke sumintin ita take gaya wa ƙafarta ta hagu cewa ta iso gaban murhu. Murhun na gas ne mai kai biyu, mai makunni da ake murɗawa. Da kunne take auna wuta, ta san kukan ƙarama, ta san na babba.

Dokar gidan guda ɗaya ce, abin da ka ɗauka ka mayar inda ka same shi. Ni na sha faɗa a kan wannan doka fiye da yaran. Na taɓa matsar da wuƙa tazarar tafin hannu, aka yi kwanaki ana yi mini tsiya cewa a gidan nan mai ido ne yake ɓatar da kaya. Baƙi sukan zo su ci su ƙoshi su tafi ba su gane ba ta gani ba. Idan ta gama girki ba ta kirana da baki. Ludayi take bugawa sau biyu a bakin tukunya, ko ina baranda na ji, na san an sauke.

2. Yadda kai rahoto ya zame mana laifi

Ranar 4 ga Fabrairu aka liƙa sanarwar aikin a ƙofar bene. Ranar 6 ga wata na je ofishin Jami'in Rukuni da ƙafata, na yi masa bayani dalla-dalla kamar yadda na yi a sama. Roƙona ɗaya ne: a gyara famfon da ke ɗiga, a shafa fenti idan ana so, amma don Allah kada a motsa komai daga mazauninsa. Jami'in ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ba ni kujera, ya kira ni Baba, ya ce in kwantar da hankalina, gidanmu kulawa ta musamman za a ba shi. Na dawo gida ina ta zuba masa yabo, har Manaja ta ce in rage, in bar saura sai an ga aiki.

Ashe kulawa ta musamman ɗin ce za ta kai mu ƙasa. Daga baya shugaban ma'aikatan kwangilar ya bayyana mini yadda suke aiki. Zane biyu ne kawai a hannunsu, na kowa da kowa, da na masu larura. Na masu larurar kuma domin mai keken guragu aka zana shi. Duk gidan da aka ce akwai mai larura, makaho ne ko kurma ko wane ne, wannan zanen ake bi. Ya ce shi ba a gaya masa wace larura ce, shi ma ba ya tambaya, aikinsa awo da guduma. Ranka ya daɗe, a hawa na uku muke, kuma benen nan matakala ce kawai. Har yau ban gane ta inda aka yi tsammanin keken zai hau ba.

Maƙwabtanmu da ba su je sun ce uffan ba an yi musu fenti, an sake musu kabad, an bar musu murhunsu na gas a inda yake. Da na zauna a gida ranar nan na kama bakina, da yanzu ba na wannan rubutu. Wannan tunanin yana cina kullum, ba zan ɓoye ba.

3. Abin da muka dawo muka tarar

An umarce mu mu bar gidan daga ranar 10 zuwa 18 ga Maris saboda ƙura, muka zauna wurin ƙanena. Ranar 19 muka dawo, ga abin da muka samu:

(a) Teburin girki da wurin wanke-wanke an sauke su zuwa tsayin cinya, domin wanda ke zaune.

(b) Kantar katako an ɓamɓare ta, bangon sama ya zama fayau, babu ko ƙusa.

(c) Murhun gas an ɗauke, an kawo na lantarki mai fuskar gilas. Ba shi da makunni, da yatsa ake taɓa wasu alamomi da ido kaɗai yake gani. Ba ya kuka, ba ya wari, kuma yana riƙe zafi bayan an kashe shi. An ce don kariyar mai larura aka zaɓo shi.

(d) Kabad duk sun koma ƙasa, ƙofofinsu sumul, babu mariƙi, kuma babu wadda ta bambanta da 'yar uwarta.

(e) Ƙasa an shimfiɗa tayil, tsagewar ta tafi.

(f) Gwangwanayenmu an zubar. A madadinsu an ba mu kyautar fararen robobi masu girma ɗaya da murfi ɗaya. Ma'aikatan da kansu suka juye mana kayan, suka rubuta sunan kowanne da rubutu mai kyau, suka jera gishiri da sukari da garin sabulu kafaɗa da kafaɗa.

Ban ce mugunta ce ba. Sun share, sun goge, kuma na ga alama da zuciya ɗaya suka yi. Shugabansu ya tsaya a ƙofa yana murmushi yana jiran godiya, ni kuma na gode masa, don ban san abin da zan ce ba.

Manaja ta cire takalmi kamar yadda ta saba, don ƙafarta ta ji ƙasa, ta shiga. Ta miƙa hannu inda kanta take, hannun ya wuce ya daki bango. Ta ƙara taku, cinyarta ta bugi tebur. Ta tsaya tana shafa tayil da ƙafar hagu, tana neman tsagewar. Can sai ta juyo wajena ta tambaye ni a hankali, ko mun yi kuskuren hawa ne, mun shiga gidan mutane. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa jin ta yi magana da wannan muryar ba.

4. Raunukan da suka biyo baya

Kada a ɗauka ta karaya nan take. Matar nan ba ta san karaya ba. Kullum sai ta shiga, ni ina tsaye ina karanto mata abin da ke jikin robobi, ita tana ƙoƙarin haddacewa. Amma abin da aka gina a shekaru ba ya dawowa a mako, ballantana a ɗakin da komai santsi ɗaya ne a hannu. Wata safiya kumfa na gani a kofin shayina, shi ya cece mu daga shan garin sabulu.

Ranar 23 ga Maris na tafasa ruwa, na kashe murhu, na sauka sayen burodi. Ta shiga ita kaɗai don ta ba ni mamaki. Ta ɗora tafin hannu a kan gilas tana neman inda ake aza tukunya, kamar yadda take shafa ƙarfen tsohon murhu idan ta ji babu kukan wuta. Fatar tafin ta tashi gaba ɗaya. Na same ta a tsaye ta dunƙule hannun a ƙirji, ko kuka ba ta yi ba, sai tambayata take yi wane ne ya bar wuta bai gaya mata ba.

Ranar 15 ga Mayu kuma, bayan hannu ya warke, ta sake gwadawa. Da yake tebur ya yi ƙasa, mariƙin tukunya daidai ƙugunta yake zuwa. Ta juya, rigarta ta kama shi, ruwan zafi ya zube mata a ƙafa. Takardun asibiti na duka biyun suna haɗe da wannan wasiƙa. Tun daga ranar nan ba ta sake tsallake ƙofar kicin ba, kuma ban sake roƙonta ta gwada ba.

5. Yadda aka hana mu taimakon kanmu

Tsakanin haɗarin farko da na biyu ban naɗe hannu ba. Na manna maɓallan riga a murafun robobi, na ɗaura zare a ƙofofin kabad, na liƙa ɗan ƙyalle a ƙasa ya tsaya a madadin tsagewar. Ranar 9 ga Afrilu mai duba aiki ya zo. Ya ɓamɓare na kabad da na ƙasa a gabana, ya gargaɗe ni cikin ladabi cewa aikin yana ƙarƙashin garanti na shekara biyu, kuma mai haya ba shi da ikon kafa ƙusa ko manna wani abu, in ba haka ba ya karya yarjejeniya. Na roƙi a bar mu mu shigo da ƙaramin murhun gas, ya ce an haramta gas a gidan da aka yi wa rajistar mai larura. Shi kuwa murhun gilas, duk abin da ka manna masa, ko ya narke, ko murhun ya yi ƙara ya kulle kansa.

Sai girki ya dawo kaina, ni da ban taɓa soya ƙwai ba. Takan zauna a kujera bakin ƙofa tana ba da umarni, ni ina ciki hannu yana rawa. Da farko har dariya takan yi, ta ce daga ƙarar kawai ta san rabin shinkafar ce take isa tukunya, kuma tururuwan gidan nan suna sa mini albarka. Ni ma nakan yi dariya don ta ci gaba. A hankali dariyar ta ƙare, umarnin ma ya ƙare. Yanzu maƙwabciyarmu ta gida na 15, malamar makaranta, ita take aiko mana da abinci. Wannan malamar a kicin ɗin Manaja ta koyi haɗa miya lokacin tana amarya. Idan aka kawo kwanon, Manaja takan yi godiya sosai, ta sa albarka, ta mayar da murfi ta ture shi gefe. Ta rame, ranka ya daɗe, duk wanda ya san ta ya gani.

6. Zirga-zirgar da na yi a ofisoshi

Jami'in Rukuni ya ce shi ya yi abin da na roƙa, ya kai rahoto, sauran na ɗan kwangila ne. Ɗan kwangila ya ce zane ya bi, in je wurin injiniya. Injiniya ya ce ba ya canja zane sai da takarda daga Sashen Jin Daɗin Jama'a. A can kuma wata jami'a mai fara'a ta shaida mini cewa gidanmu yana cikin waɗanda suka ci gajiyar shirin, kuma wanda ya ci gajiya ba ya sake nema sai garanti ya ƙare. Na ce mata gajiyar dai mun ci, amma ba irin wadda take nufi ba. Ta yi dariya, ta ce Baba akwai barkwanci, ta kira na bayana.

Ranar 28 ga Afrilu wata tawaga ta zo da mai ɗaukar hoto. Sun yaba tayil, sun buɗe kabad sun rufe. Mai hoton ya waiwaya ya tambaye ni ina keken Mama yake, a zaunar da ita gaban tebur don hoton ya fi ma'ana. Manaja tana zaune a falo tana ji. An gaya mini hoton kicin ɗin yana rataye yanzu a barandar ofishinka, a matsayin abin misali.

Akwai wani abu kuma da ya kamata Mai Girma Darakta ya sani. A hawan ƙasa na benenmu, gida na 2, akwai tsohon makanike da ya rasa ƙafafunsa, yana kan keke shekara da shekaru. Lokacin sanarwa yana kwance a asibiti, ba wanda ya kai rahotonsa, sai aka yi masa kicin na kowa da kowa. Kabad ɗinsa suna can sama, da sandar tsintsiya yake zaƙulo gwangwanin madara. Mun zauna ni da shi, muka ce a yi musanyar kayan, a sauko masa da namu, a hau mana da nasa. Muka je ofis tare, ina tura shi. Aka ce kowane kaya da lambar gidansa a jiki, ba a musanya. Ya ce mini a hanyar dawowa, da ni da shi da Manaja, idan aka haɗa mu za a samu mutum ɗaya mai lafiya da kicin ɗaya mai amfani. Ya yi dariya, ni ban iya ba.

7. Batun katakon

Na bi sawun tsohuwar kantar, domin na yi tunanin ko ita kaɗai ta dawo bango, hannun Manaja zai samu inda zai faro. Mai gadin rukuni ya ce in duba filin ajiyar kayan aiki da ke bayan tankin ruwa. Ranar 2 ga Yuni na je, na same ta. An gitta ta a kan kwata a bakin shiga, leburori suna tura baro a kai. Siminti ya cike wasu tsagogin, amma na durƙusa na shafa, ta gishiri da ta sukari suna nan. Na roƙi mai kula da filin ya ba ni, na ce zan kawo wani katakon da ya fi shi kauri. Ya ce duk abin da aka cire daga gidan Hukuma kayan Hukuma ne, yana jiran gwanjo, kuma ba ya fita sai da sa hannun Darakta. Na tambaye shi yaushe ne gwanjon, ya ce tun da ya kama aiki bai ga an yi ba.

Ban gaya wa Manaja na ga katakon ba. Ba zan iya gaya mata abin da ake yi da shi ba.

8. Abin da zai faru ranar 30 ga wata

'Yarmu ta zo bayan haɗari na biyu, ta ga ƙafar mahaifiyarta, ta ga hannuna, ta leƙa kicin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita nas ce, ta san inda irin wannan yake ƙarewa, kuma ba za ta zauna ta jira a kira ta a waya ba. Ban ga laifinta ba. Gidanta ƙarami ne, gado ɗaya ne za a iya ƙarawa a ɗakin jikokinmu mata. Ni ba zan iya bi ba, domin ban da rashin wuri, dokar haya ta ce gidan da aka bari babu kowa Hukuma tana karɓe shi, kuma ba mu da wani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Manaja ba ta yi gardama ba. Matar da take iya kwana tana shari'a a kan cokali, an ce za a ɗauke ta daga gidanta ta ce to. Da na matsa mata, sai ta ce ai ta riga ta zama baƙuwa a nan, kuma idan dai miƙo mata abinci za a riƙa yi, gara ta karɓa daga hannun 'yar da ta haifa. Makon jiya ta sa na kira malama ta ba ta babbar tukunya da turmin daka yaji. Wuƙarta ta ba matar ƙanena. Ludayin ne kawai ta ce in bari a inda yake, ban san ko ni ta bar wa ba, ko mantawa take so ta yi da shi.

ABIN DA NAKE ROƘO

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon Mai Girma Darakta cikin ƙanƙan da kai:

Na ɗaya, ya ba da umarni a mayar da teburin girki da wurin wanke-wanke tsayinsu na da, a dawo mana da murhun gas mai makunni, kafin ranar 30 ga wannan wata.

Na biyu, idan wannan ya yi nauyi, ya amince da musanyar kaya tsakanin gida na 14 da gida na 2. Aikin yini ɗaya ne, kuma gida biyu zai gyara.

Na uku, idan wannan ma doka ba ta ba da dama ba, ya sa hannu a sakar mini katakon da ke kan kwata, tare da rubutaccen izinin kafa ƙusa huɗu a bangon kicin. Zan nemi mai kafawa da kaina, kuma ranar da zan bar gidan zan toshe ramukan.

Na huɗu, ina roƙon duk wanda za a turo ya duba wannan ƙorafi, kafin ya rubuta cewa aikin yana kan ƙa'ida, ya tsaya a ƙofar kicin ɗin, ya rufe idonsa, ya shiga ya ɗauko mini gishiri.

Ranka ya daɗe, na yi aikin ofis, na san tafiyar takarda. Na san tebur nawa za ta hau kafin ta iso gabanka, na san kuma wata ba ya jiran takarda. Ban rubuto don ina da tabbacin za a yi wani abu ba. Na rubuto ne don kada ranar da motar ta tsaya a ƙofar bene in ce akwai ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba.

Idan amsa ta fito bayan ranar 30, kada a wahalar da ma'aikata da hawa matakala. A nemo wa makanike wasu kayan da suka dace da shi, ni a bar mini kicin ɗin yadda yake. Tebur mai tsayin cinya ya ishi mutumin da zai zauna shi kaɗai ya ci burodi. Tun ranar 9 ga Maris ban sake jin ludayi ya bugi bakin tukunya a gidan nan ba, amma har yanzu idan rana ta take nakan tsinci kaina a baranda na kasa kunne.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Darakta lafiya, ya bar masa ganinsa, ya bar shi tare da iyalinsa a ɗaki ɗaya har tsufa. Ina neman afuwa idan harshena ya zarce a wani wuri.

Naka cikin ladabi da biyayya,

(sa hannu)
Tsohon akawu, mijin Manaja,
Mai haya a gida na 14, hawa na uku, Bene na B.

Haɗe da wannan: takardun asibiti guda biyu, na ranar 23 ga Maris da na 15 ga Mayu.

Kwafi zuwa ga: Jami'in Kula da Rukuni, Sashen Jin Daɗin Jama'a, mai haya a gida na 2.